Inshora ta ƙi biyana alhali ciwon damuwa ya hana ni aiki: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Amurka

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin mutanenmu da ke Amurka, waɗanda ciwon damuwa ya kwantar har suka kasa fita aiki, suka nemi kuɗin inshorar da ke biyan wani kaso na albashi in ciwo ya hana mutum aiki, aka ce musu babu. Yawancin bayanin a kan inshorar da mutum ya samu ta wurin aikinsa ne, don ita ce ta fi yawa kuma ita ce ta fi tarko. Abin da ke rubuce a takardar inshorarka shi ne gaba da duk abin da za ka karanta a nan, kuma wannan shafin ba zai maye maka gurbin lauya ba.

Wai shi ciwon damuwa ma ana biyan kuɗi a kansa? Ai ba karaya ba ce.

Ana biya. Ciwo ne da likitoci suka san shi, yana da sharuɗɗan gane shi a littafinsu na DSM-5: alamomi 5 cikin 9 na aƙalla mako 2, irin su baƙin ciki kusan kullum, rashin jin daɗin komai, rikicewar barci da cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. Amma ka riƙe wannan tun yanzu, kamfanin inshora ba sunan ciwon yake biya ba. Abin da yake biya shi ne kasa yin aiki saboda ciwon. Mutum biyu za su iya samun takardar likita iri ɗaya, a biya ɗaya a hana ɗaya, don ɗayan ya nuna yadda ciwon ya hana shi aikinsa, ɗayan kuma sunan ciwon kawai ya kawo.

Wace irin inshora ce ma nake da ita? Ni dai na san ana cire min wani abu a albashi.

Sai ka bambance, don kowacce da dokarta. Akwai ta gajeren zango, wadda take biya na wasu makonni zuwa wata 6 galibi. Akwai ta dogon zango, wadda take farawa bayan an yi zaman jira na kwana 90 ko 180, kuma yawanci kashi 60 cikin 100 na albashi take biya. In ta hannun kamfanin da kake wa aiki ka same su, to kusan tabbas suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974 da ake kira ERISA, kuma ita ce dokar da yawancin amsoshin nan suke magana a kai. Ma'aikatan gwamnati da na coci galibi ba sa ƙarƙashinta, haka wanda ya sayi inshorar da kansa daga hannun dillali, shi dokar jiharsa ce take aiki a kansa.

Ban da waɗannan akwai SSDI na hukumar Social Security, wato kuɗin da ake biyan wanda ciwo ya hana aiki, wannan na gwamnatin tarayya ne kuma hanyarsa daban (akwai tambayarsa a ƙasa). Sannan jihohin New York, New Jersey, Kalifoniya, Rhode Island da Hawai suna da tsarin gajeren zango na dole. 'Yan uwanmu masu tuƙa tasi ko Uber, galibi ba a ɗauke su ma'aikata ba, don haka babu inshorar wurin aiki sai dai in sun saya da kansu, SSDI ɗin ma sai in suna biyan harajin masu aikin kansu.

Me ya sa suka ƙi? Ga takardar likita na kai musu.

Dalilan ba su da yawa, su ne dai suke juyawa. Na farko kuma wanda ya fi kowanne fitowa, wai babu hujja ta zahiri, wato ba hoto ba gwajin jini, sai abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa. Sai kuma su ce rubutun likitanka bai nuna tsanani ba, ko ba ka zuwa asibiti a kai a kai, ko likitan iyali kawai kake gani ba likitan ƙwaƙwalwa ba, ko ba a taɓa kwantar da kai ba, ko ba a canja maka magani ba wanda a wurinsu wai alama ce ciwon da sauƙi. Wani lokaci su ce rigima ce da shugabanka a wurin aiki, wani lokaci su ce da ciwonka ka shigo. Kowanne da maganinsa, kuma na taɓa yawancinsu a ƙasa, amma sai ka san wanne aka ɗora maka tukunna.

Wasiƙar ta zo. Me zan fara yi?

Ka ajiye ambulan ɗin, kar ka yar, ka rubuta ranar da ta iso hannunka a jikinsa. Sannan ka karanta wasiƙar a tsanake, in kanka ba ya ɗauka ka sa wani ya karanta maka yana ja wa kowane dalili layi. Doka ta tilasta musu su faɗi takamaiman dalilin ƙin, da sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi, da abin da suke ganin ya rage ba ka kawo ba. Tun 1 ga Afrilu 2018 kuma dole su bayyana dalilin da ya sa suka saɓa wa likitanka, ko suka saɓa wa Social Security in ita ta amince da kai.

Abu na biyu, ka rubuta musu kana neman cikakken fayil ɗinka. Kyauta ne, haƙƙinka ne. A ciki za ka ga rahoton likitan da suka ɗauka ya duba takardunka, da bayanan da ma'aikacinsu yake rubutawa duk lokacin da kuka yi waya, da bidiyo in sun sa an bi ka. Ita kuma ainihin takardar yarjejeniyar ka nema a rubuce daga mai kula da tsarin, wanda galibi wurin aikinka ne, yana da kwana 30 ya ba ka, in ya ƙi kotu za ta iya cin sa tara har dala 110 a kowace rana. Amma a wasiƙar neman fayil ka faɗa ƙarara cewa wannan ba afil ba ne (afil shi ne neman su sake duba hukuncinsu), takardu kawai kake nema. Dalilin yana cikin amsa ta biyu a ƙasan wannan.

Kwana nawa gare ni?

Kwana 180 daga ranar da ka karɓi wasiƙar, in dai ERISA ce. Ba wata 6 ba, kwana 180, ka ƙirga a kalanda ka rage mako 2 don gudun tsautsayi. In wa'adin ya wuce galibi shikenan, kotu ma ba za ta saurare ka ba don ba ka bi matakin cikin gida ba. Ka aika ta hanyar da za ta bar maka shaida, wasiƙa mai rajista ko faks mai rasit, ba waya ba. SSDI kuwa kwana 60 ne, kar ka haɗa su.

Me zai hana in rubuta musu yau in ce ban yarda ba, su sake dubawa?

Nan ne mafi yawan mutane suke yanke wa kansu ƙafa, kuma in da abu ɗaya za ka ɗauka a shafin nan to wannan ne. A shari'ar ERISA, in magana ta kai kotun tarayya, alƙali ba zai kira ka ka tsaya gabansa ba, ba zai kira likitanka ba, ba zai ji ta bakin matarka ba. Fayil ɗin da kamfanin ya tara har zuwa ranar da ya yanke hukuncin afil, shi kaɗai zai karanta galibi. Duk abin da bai shiga fayil ba kafin a rufe, kamar ba a taɓa yin sa ba ne. To ka ga wanda ya zauna cikin ɓacin rai ya rubuta layi uku, "ban yarda da hukuncinku ba, ku sake dubawa", ya aika, ya ba su dama ke nan su sake duba tsofaffin takardun da suka riga suka ƙi, su sake ƙi, su rufe fayil ɗin babu ko sabuwar takarda ɗaya.

Don haka afil ɗin nan shi ne shari'ar gaba ɗaya, ba share fage ba ne. Kwana 180 ɗin nan an ba ka ne ka tara hujja, ka yi amfani da su. Na san akwai haya akwai cefane, kuma kowace rana da ta wuce babu kuɗi tana da nauyi, amma gara ka ɗauki wata 3 ko 4 ka aika abu mai ƙwari da ka aika fanko cikin mako ɗaya.

To me zan zuba a ciki?

Duk rubutun asibiti daga kowane likita, ba taƙaitawa ba, har da na mai ba ka shawara da kuke zama da shi. Jerin magungunan da aka gwada, da adadinsu, da illar da suka yi maka, kantin magani zai iya buga maka wannan. In an fara ka da sertraline aka ƙara, aka koma wani, aka haɗa da wani, wannan tarihin kansa hujja ce cewa ciwon yana da taurin kai. Makin PHQ-9 na kowace ziyara, wato tambayoyi 9 ɗin nan da ake ba ka ka cike kafin ka ga likita, makinsu daga 0 ne zuwa 27, kuma 20 zuwa sama tsanani ne. In matsalarka mantuwa ce da kasa tattara hankali, ka tambayi likita ko za a yi maka cikakken gwajin ƙwaƙwalwa na rubutu da amsa tambayoyi, wanda a cikinsa akwai ma'aunin da ke nuna ko mutum yana ƙara gishiri. Yana da tsada kuma ba kowa zai taimaka wa ba, shi ya sa ake shawara da lauya kafin a yi, amma shi ne abin da ya fi kusa da "hujja ta zahiri" ɗin da suke ta nema.

Sai wasiƙar likita, kuma a nan ake yin sakaci. "Majinyacina yana da ciwon damuwa, ba zai iya aiki ba" ba ta isa ba. Ka kai wa likitan bayanin aikinka a rubuce, shi kuma ya haɗa alamomin da aikin ɗaya bayan ɗaya. Misali ma'aikaciyar jinya da take raba wa marasa lafiya magani: likita ya rubuta cewa ba ta iya riƙe hankali a kan abu fiye da minti 10 zuwa 15, tana karanta layi ɗaya sau uku bai zauna ba, barcinta bai wuce awa 3 ko 4 ba, ana tsammanin za ta fasa zuwa aiki kwana 4 ko fiye a wata, kuma kuskure a lissafin magani a irin aikinta rai ne. Wannan ita ce wasiƙar da likitan kamfani zai sha wahalar turewa.

Ka ƙara da naka bayanin na yadda yini yake wuce maka, ba ado ba ragi, da na wanda yake zaune da kai, da na abokin aiki in zai yarda. Takardun gargaɗi da aka ba ka a wurin aiki kafin ka tsaya, waɗanda kake jin kunyarsu, su ma sa su, don suna nuna mutumin da shekaru yana aikinsa lafiya sannan ya fara zamewa.

Likitana ya ce ba zan iya aiki ba. Ta yaya likitan da bai taɓa ganina ba zai fi shi?

Haka dokar take, ba daɗi. A 2003 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Black & Decker da Nord, ta ce kamfani ba dole ne ya fifita likitan da ke duba ka a kan nasa ba. Sai dai a hukuncin dai ta ce ba shi da ikon yin watsi da ingantacciyar hujja haka kawai. Don haka ka samo rahoton likitan nasu daga fayil, ka kai wa naka ya amsa shi sakin layi bayan sakin layi, ina ya yi kuskure, wace ziyara ya tsallake, wane maki bai ambata ba.

Wani abu kuma, likitansu yakan buga wa naka waya, in bai same shi ba sai ya rubuta "an kira sau biyu ba a amsa ba", in ya same shi kuma sai a taƙaita hirar yadda aka ga dama. Ka roƙi likitanka ya ce a aiko masa tambayoyin a rubuce ya amsa a rubuce. A matakin afil dole wanda zai duba ya zama wani daban, ba wanda ya ƙi da farko ba kuma ba yaronsa ba, sannan su tuntuɓi likitan da ya san fannin.

A fayil na ga likitana ya rubuta wai ina samun sauƙi, alhali ban samu ba. Daga ina wannan ya fito?

Sau da yawa daga bakinmu. Mun taso in an ce ya jiki sai mu ce da sauƙi alhamdulillahi, ko mutum yana kan gargara. Likita ya shigo ya ce ya kake, kai kuma ka yi murmushi ka ce lafiya lau, ka yi wanka ka sa kaya masu tsabta don ba ka fita da ƙazanta, shi kuma ya buga a kwamfuta cewa majinyaci ya ce yana lafiya, tsaf-tsaf, yana fara'a. Bai san kwana 5 ka yi ba ka yi wanka ba sai yau da matarka ta matsa, bai san ita ta tuƙo ka ba. Bayan wata 4 ma'aikacin inshora zai ciro wannan layin ya sa shi a wasiƙar ƙi.

Godiya ga Allah tana nan a wurinta, ba wanda ya ce ka bari, amma ɗakin likita wurin faɗin abin da ke akwai ne. Ka je da 'yar takarda: kwana nawa a makon nan ka kasa tashi, awa nawa ka yi barci, me ka manta, me ka fara ka kasa ƙarasawa. In Turanci yana ba ka wahala wajen faɗin abin da ke ranka ka nemi tafinta daga asibitin, kar ka sa ɗanka ya fassara, don ba za ka faɗi komai a gabansa ba. Tsohon rubutun kuma ba a goge shi, amma likita zai iya yin ƙarin bayani a wasiƙarsa cewa "sauƙi" ɗin da ya rubuta idan aka gwada da makon da ya fi muni ne, ba wai ka isa komawa aiki ba.

Na ɗan daina zuwa asibiti, na koma addu'a da ruƙiyya. Zai cutar da ni?

Zai iya, sosai ma. Kusan kowace yarjejeniya tana da sharaɗin kana ƙarƙashin kulawar likita a kai a kai, kuma malam ba ya cikin waɗanda suke ƙirgawa. Ka yi addu'arka ka kuma je asibiti, ba sa karo da juna. In an riga an sami giɓi, kar ka ɓoye, ka bayyana dalili: inshorar lafiya ta yanke, ko layin ganin likitan ƙwaƙwalwa wata 3 ne, ko maganin yana sa ka jiri, ko ciwon ne kansa ya hana ka fita, wanda likita zai iya tabbatarwa cewa alama ce ta ciwon. Kuma kar ka yanke magani da kanka dare ɗaya, ka gaya wa likita ya canja.

Sun ce matsalata da shugabana ce, wai in je in yi aikin a wani wuri.

Yarjejeniyar tana kallon sana'arka ne gaba ɗaya, ba kujerarka a wannan kamfanin ba. In duk rubutun asibiti yana cewa manaja ya takura maka, za su ce ka canja manaja. Ko da rigimar ce ta tayar da ciwon, abin da za a nuna shi ne bayan ka bar wurin ma ciwon bai tafi ba, a gida ma ba ka iya biyan bil a kan lokaci, ba ka iya karatu, ba ka amsa waya.

Me ake nufi da wai da ciwona na shigo?

Yawancin inshorar wurin aiki tana da sharaɗi kamar haka: in ka ga likita ko ka sha magani kan wannan ciwon a wata 3 kafin inshorar ta fara, sannan ka kwanta cikin wata 12 na farko, ba za a biya ba. Lambobin suna bambanta, duba taka. Abin dubawa shi ne ranakun, don kamfani ma yana kuskuren lissafi, da kuma ko abin da aka yi maka magani a lokacin shi ne wannan ciwon. Maganin barci da aka ba ka sau ɗaya ba lallai ya zama maganin ciwon damuwa ba. In wurin aikinku ya canja kamfanin inshora ne kawai kana ciki, galibi ana haɗa maka da watannin baya.

Suna biya, sai da aka yi shekara 2 suka tsayar. Wannan ma ƙi ne?

Ƙi ne, kuma kana da kwana 180 ɗinka. Amma abu biyu ne suke faruwa a wata na 24, ka gane wanne ne naka. Na ɗaya, ma'anar rashin iya aiki tana canjawa daga "ba ka iya sana'arka" zuwa "ba ka iya kowace sana'a da ta dace da iliminka da gogewarka". Wannan ana yaƙarsa da hujjojin da na lissafa a sama, a ƙara da rahoton masanin sana'o'i.

Na biyu ya fi ɗaci. Yawancin yarjejeniyoyi sun ƙayyade biyan ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa da hali zuwa wata 24 kacal, alhali mai ciwon baya za a iya biyansa har shekarun ritaya. A ganina wannan rashin adalci ne tsagwaronsa, amma halal ne a dokarsu, don dokar daidaito ta 2008 inshorar lafiya ta shafa, ba ta shafi wannan ba. Mafita sai in kana da ciwon jiki wanda shi kaɗai ma ya isa ya hana ka aiki, ko yarjejeniyar ta ware wasu cututtuka daga ƙa'idar, ko kana kwance a asibiti lokacin da wa'adin ya cika. Shi ya sa tun farko in akwai ciwon jiki tare da damuwar, a rubuta shi da kyau a fayil, kar a bari komai ya tafi da sunan damuwa.

Da gaske suna bin mutum da kyamara?

Suna yi, kuma suna leƙa Facebook da Instagram da TikTok. Hoton suna ko biki inda kake murmushi na daƙiƙa ɗaya zai iya zama shafi guda a rahotonsu. Ba wai ka kulle kanka a ɗaki ba, likita ma cewa zai yi ka fita, ka je Juma'a, ka shiga mutane. Abin da ke kashe magana shi ne saɓani: ka rubuta a fom cewa ba ka taɓa fita, sannan a gan ka a kasuwa. Ka rubuta gaskiya, "ina fita sau ɗaya ko biyu a mako, in na dawo sai na kwanta". Kar ka goge tsofaffin hotuna bayan rigima ta fara ba tare da shawarar lauya ba, ka dai rage sa sababbi, ka kuma roƙi dangi su daina maƙala sunanka.

Iyayena sun ce in dawo gida in huta cikin dangi. In tafi?

Karanta yarjejeniyar kafin ka sayi tikiti. Da yawa suna tsayar da biya in mutum ya zauna wajen Amurka ko Kanada fiye da wasu watanni, sannan ga sharaɗin ganin likita da na faɗa a tambayar ruƙiyya, ga kuma wasiƙu masu wa'adi da za su riƙa zuwa kana Kano ko Yamai ko Kumasi. SSDI ma, wanda ba ɗan ƙasa ba galibi ana tsayar masa bayan wata 6 a waje. In tafiyar gajeriya ce, likita ya rubuta tun kafin ka tashi cewa ya sani kuma ya ga amfaninta.

Ina ruwan wannan da SSDI? Sun matsa min in nema.

Suna matsawa ne don duk abin da Social Security ta ba ka za su cire shi daga nasu. In aka amince da kai aka biya ka kuɗin baya a dunƙule, kar ka taɓa shi tukunna, kamfanin zai zo ya ce ka mayar masa da rarar da ya biya. Duk da haka ka nema, don SSDI ba shi da ƙa'idar wata 24 ɗin nan, kuma bayan wata 24 kana karɓa za ka sami Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya.

Sharuɗɗansa: ciwon ya kai ko ana tsammanin zai kai wata 12, ka yi aiki ka biya haraji isasshe, kuma akwai jiran wata 5. Ciwon damuwa yana sashe na 12.04 a jerinsu. In sun ƙi, kwana 60 ne a kowane mataki: sake dubawa, sai zama gaban alƙalin hukumar, sai majalisar afil, sai kotun tarayya. A nan kam alƙali zai ji ta bakinka, kuma tafinta kyauta ne. Nasara a SSDI ba ta tilasta wa kamfanin inshora biya, amma dole ya bayyana dalilin saɓawarsa, don haka ka sa takardar a fayil.

Na aika afil. Yaushe zan ji?

Kwana 45, za su iya ƙara wasu 45 in sun sanar da kai dalili a rubuce. In suka samo sabon rahoton likita a wannan tsakanin, dole su aiko maka da shi kafin su yanke hukunci, su ba ka lokaci ka amsa. Kar ka bar shi ya wuce shiru, ka kai wa likitanka, in lokacin ya yi kaɗan ka nemi ƙari a rubuce. In kuma suka karya ƙa'idojin nan, kamar wa'adi ya wuce ba amsa, doka tana iya ba ka damar wucewa kotu kai tsaye.

Sun sake ƙi. Kotu fa, me zan samu?

Kotun tarayya ce, babu masu taya alƙali hukunci, babu diyyar wahala ko ta ɓacin rai. Abin da za ka samu kuɗin da aka hana ka ne, wataƙila da kuɗin ruwa da na lauya, ko a mayar wa kamfanin ya sake dubawa. Da yawa sulhu ake yi a biya dunƙule. Nauyin shari'ar ya dogara da wata jimla a yarjejeniyar: in ta ba kamfanin ikon fassara da yanke hukunci, to tun hukuncin Firestone na 1989 alƙali ba zai tambayi ko sun yi daidai ba, sai dai ko hukuncinsu ya fita daga hankali. Jihohi irin su Kalifoniya, Illinois, Michigan da New Jersey sun hana sa wannan jimlar a inshora. A 2008 kuma, a shari'ar MetLife da Glenn, kotu ta ce a yi la'akari da cewa mai yanke hukuncin shi ne mai biya daga aljihunsa.

Shigar da ƙara ma yana da wa'adi, kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta amince da wa'adin da aka rubuta a yarjejeniya ko da ya fara ƙirgawa tun ana cikin afil. Wasiƙar ƙi ta ƙarshe dole ta faɗi ranar da zai ƙare, ka nemo ta. Wanda ya sayi inshorarsa da kansa yana da faɗi fiye da haka, a jihohi da yawa zai iya neman diyya in kamfanin ya yi mugun nufi.

Sai na ɗauki lauya? Ba ni da ko sisi.

Ba dole ba ne, amma in za ka ɗauka to kafin afil ne, ba bayan an rufe fayil ba, saboda dalilin da na faɗa a sama. Ka nemi wanda ERISA ce sana'arsa, ba lauyan takardun zama ko na haɗarin mota ba. Yawancinsu ba sa karɓar komai sai an ci, sannan su ɗauki kaso, sau da yawa wajen kashi ɗaya bisa uku. Ka tambaya ko kason ya tsaya a kuɗin baya ne ko har da na gaba, da wa zai biya kuɗin gwaji da rahotanni. Na SSDI doka ce ta ƙayyade, kashi 25 cikin 100 na kuɗin baya, kuma tun ƙarshen Nuwamba 2024 iyakarsa dala 9,200 a yarjejeniyar da aka saba. Ofishin EBSA na ma'aikatar ƙwadago yana amsa tambayoyi kyauta, haka ofisoshin taimakon shari'a na marasa hali.

Za su iya korata daga aiki ina cikin wannan?

Inshora ba ta riƙe maka kujera. Dokar FMLA ce take kare aiki na mako 12 ba albashi, in kamfanin da kake wa aiki yana da ma'aikata 50 ko fiye, ka yi wata 12 da su da awa 1,250. Bayan nan sai dokar ADA mai kare masu nakasa, wadda za ka iya neman sassauci ko ƙarin hutu a ƙarƙashinta in ma'aikatan sun kai 15. Ko an sallame ka, da'awarka tana nan in ciwon ya kwantar da kai tun inshorar tana aiki. Amma kar ka sa hannu a takardar sallama mai kuɗi sai lauya ya gani, wasu a cikinsu akwai yafe haƙƙin inshorar. In inshorar lafiya za ta yanke, ka duba COBRA (ci gaba da inshorar lafiyar wurin aiki kana biya da kanka) ko Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi) da wuri don kar zuwa asibiti ya tsaya.

Maigidana ne ba lafiya, ko wasiƙar ya ƙi buɗewa. Zan iya yi masa?

Za ki iya, 'yar'uwa, kuma yawanci haka ake yi, don ciwon da ya hana mutum aiki shi ne dai yake hana shi bin takardu. Ki nemi fom ɗin naɗa wakili daga kamfanin ya sa hannu, da na asibiti da zai ba su izinin magana da ke. Ki sami jaka ɗaya ki riƙa zuba komai, da littafi da za ki rubuta ranar kowace waya da sunan wanda kika yi magana da shi da abin da ya ce. Ki raka shi wurin likita, in ya ce da sauƙi ki nemi izininsa ki faɗi abin da kike gani a gida.

Ki kuma sa ido a kwanakin da wasiƙar ƙi ta zo, don tana iya tayar da ciwon. In ya fara maganar gara ya mutu, ko ku za ku fi hutawa ba shi, ko ya fara rabar da kayansa, kar ki tsaya jiran ranar ganin likita. Ki kira ko ki tura saƙo zuwa 988, layin gaggawa ne na irin wannan, dare da rana kuma kyauta, in kuma abin ya kai ga haɗari nan take ki kira 911 ko ki kai shi sashen gaggawa, ki kawar da magunguna da duk wani makami daga inda hannunsa zai kai.